Wakilin Gidan Mamuda

Da hantsi Wakili ya gangara daga ƙofar gidan Mamuda a kan tayoyinsa, ya tsallaka titi, ya yi sallama a gidan da ke kallonsu. Wani Wakilin ya fito ya amsa. Suka tambayi juna kwana da gajiya da iyali, kowanne da muryar ubangidansa, sannan kowa ya juya.

Wakili mutum-mutumi ne, tsayinsa bai wuce na turmi ba. Duk wanda ya tare a garin Dutsen Marke, tare da makullin gida hukumar gari take damƙa masa shi. Yakan saurari muryar mai gida ya kwaikwaye ta, daga nan gaisuwa ta zama aikinsa: barka, jaje, dubiya, ta'aziyya. Tagogin gidajen ma alluna ne irin na talabijin, suna nuna fuskokin masu gidan suna murmushi, ko suna ciki ko ba sa nan. Masu tsara garin sun ce ta haka baƙo zai zama ɗan gari tun kafin ya kwance kayansa.

Abin ya yi wa Mamuda daɗi. Canjin wurin aiki ne ya kawo shi daga Kano, zuwa matatar da ke mai da ruwan kwata ruwan sha. Garin ba babba ba ne, ba kuma ƙauye ba. Babu cunkoso, babu mai sa maka ido. Kafin wata ya ƙare, Wakilinsa ya je suna, ya je ɗaurin aure, har an fara yaba wa sabon maƙwabci da zumunci, alhali ko takalminsa ba a taɓa gani a ƙofar wani ba.

Mahaifiyarsa, Inna Ladidi, wadda ya taho da ita saboda ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ita ce ba ta ga abin yabo ba.

“Mamuda, ka kashe min allon tagar nan, in ga mutane.”

“Inna, ai Wakili ya gaishe su duka.”

“Gwangwanin nan? To in na mutu shi zai wanke ni?”

Ya yi dariya. “Haba Inna, ana zaune lafiya!”

“Ba wasa nake ba. A Kano na san hannun da zai wanke ni. A nan wa ya san fuskata?”

Ya kashe mata allon, ya ja kujerarta jikin gilashi. Kullum da safe, idan matar gidan da ke kallonsu ta fito za ta hau jirgin ƙasan unguwa, Inna sai ta ɗaga mata hannu. Matar takan ɗan kalli tagar ta wuce. Inna ba ta fasa ba. Ta ce wa Mamuda ya kai ta su gaisa, ya ce sai ranar hutu. Ranar hutu ta zo, ya ce ya gaji. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce.

Wata safiya ya kawo mata koko ya tarar rai ya yi halinsa, tana zaune a kujerar, fuskarta na kallon titi.

Wakili ya yi aikinsa babu kuskure. Nan da nan ya zaga unguwa da sanarwa, kuma unguwa ta amsa. Wakilai suka yi ta gangarowa har suka cika ƙofar gida, suka jeru cikin ladabi.

“Allah ya ji ƙanta. Allah ya sa ta huta. Ya ƙarin haƙuri?”

Muryoyi ne na maza da mata, wasu har da rawar kuka. Mamuda ya tsaya a tsakiyarsu yana amsawa, sai da ya ji tsoro ya kama shi. Rana tana ɗagawa, Kano da nisa, kuma a cikin duk wannan taro babu hannu ɗaya da zai ɗebi ruwa.

Ya tsallaka titi, ya buga ƙofar da hannunsa. An daɗe kafin matar ta buɗe.

“Bawan Allah, wa ake nema?”

“Ni ne Mamuda, maƙwabcinku. Mahaifiyata ce ta rasu.”

“Ayya, Malam Mamuda! Ai kullum muna gaisawa. Wakilina bai iso ba?”

“Ya iso, Hajiya. Wanka nake roƙo. Ba ni da kowa a garin nan.”

Ta dube shi. Sannan ta yafa mayafi ta biyo shi, suna ratsa Wakilai, har da nata a cikinsu yana ta yi masa ta'aziyya.

A ɗaki ta durƙusa, ta yi bismilla, ta yaye zanen da ya rufa wa Inna. Hannunta ya tsaya. Ta dubi fuskar, ta dubi kujerar da ke jikin taga.

“Innalillahi. Wannan ce take ɗago min hannu?”

“Ita ce.”

“Wallahi na ɗauka allo ne.”