Takardar Janye Ƙarar Gonar Durian

Sufeto Azhar Mokhtar yana tsaka da karin kumallo, shinkafar kwakwa da yaji, aka kira shi ofishin lauyoyin da ke saman shagon magani a garin Raub.

Ya tarar da Lauya Suraya tana safa da marwa. An sace mabuɗinta, wato 'yar na'urar da take soka wa kwamfuta in za ta shigar da takardu kotu ta intanet. Kuma jiya da azahar, tana kotu, wani ya aika da takardar janye ƙarar Haji Rusli, wanda take wakilta, da sunanta. Shekara uku ke nan tsohon yana shari'a da ƙanensa kan gonar durian ta gado, wato wani ɗan itace mai ƙaya, mai wari da saurin lalacewa.

"Ƙarar ta mutu ke nan?" in ji Sufeto.

"Allah ya rufa asiri, kotu ta dawo da ita. Gurbi biyu ne a shafin, na babbar takarda da na takardun rakiya. Ɓarawon ya sa wasiƙar gabatarwa a babban gurbi, takardar janyewar kuma ya jefa ta cikin 'yan rakiya."

"Wa kika faɗa wa wannan?"

"Kai kaɗai."

"To, ki bar shi haka."

Ban da ita, mutum biyu ne ke shiga ɗakin. Sufeto ya fara da akawu, Anti Siew Bee, wadda ta shekara ashirin a ofishin. Ta ce duk azahar tana kan kujerarta.

"Mai shagon magani ya ga fitarki ƙarfe ɗaya."

Ta sunkuyar da kai. "Gyaran gashi na je, Yallaɓai. Kada ka gaya wa Lauya."

Ya ce ta gwada masa yadda ake janye ƙara. Kafin ya gyara zama ta gama, tana mita. "Abin da kake roƙon alƙali shi ne babba, sauran duk 'yan rakiya ne. Sau nawa zan faɗa a ofishin nan?"

Saura Lauya Devan, dattijon da ya kafa ofishin. Sufeto ya bi ta gefen motar dattijon a ƙasa, wari ya dake shi. Durian shida ne jere a kujerar baya, kowanne da jan fenti a gindi. Ya aika wa Haji Rusli hoto. Amsa ta zo nan take: alamar ƙanensa ce.

Devan ya tarbe shi da fara'a. "Ni da kwamfuta? Ɗana, ko kunna ta ban iya ba. Durian kuwa a kasuwa na saya."

"Na yarda, Baba. Ai duk wanda ya yi aikin nan bai san shari'a ba. Jahili ne na ƙarshe, ko jera takardu bai iya ba."

Fuskar dattijon ta canza. "Jahili? Shekara arba'in ina aikin nan, wasiƙar gabatarwa ita ake ɗorawa a sama! Na'urarsu ce ba ta da tarbiyya."

"Wace wasiƙa, Baba? Ni ban ambaci wasiƙa ba."

Devan ya cire tabarau, ya jawo aljihun tebur, ya ajiye mabuɗin a gaban Sufeto.

"Ƙanen Haji abokina ne tun muna firamare," ya ce. "Ya zo yana kuka, wai za a raba shi da itatuwan da ya dasa da hannunsa. Na ce in ƙarar ta mutu, ƙila su zauna su shirya."

"Kai ba ka da ikon yanke musu wannan," in ji Suraya daga bakin ƙofa.

"Na sani, 'yata."

Sufeto bai sa masa ankwa ba, hannunsa kawai ya riƙe saboda matakalar. Kofur ɗinsa ya kwaso durian ɗin motar a buhu don shaida, ya tarye su yana toshe hanci.

A ƙasa Devan ya tsaya ya dubi buhun. "Sufeto, yaushe za a shiga kotu?"

"Sai bayan wata guda."

"To, ku cinye shaidar nan yau. Gobe ta lalace."