Wayar da Na Riƙe Har Pitowa

"Ba zan shiga motar ba," na ce wa Yaya Iliyasu a waya. "In Baba yana son ganina, ya gan ni tare da mijina."

"Mas'uda, jikin ya yi tsanani. Direba na hanya. Amma ke kaɗai, kin dai sani..."

Na kashe wayar.

Tun da na auri Sharif, ɗan clando mai ɗaukar fasinja a babur cikin Garwa, Baba bai ƙara ambaton sunana ba. Ya ce bai kai ni makarantar fasaha ta lycée technique na karanta lantarki don in ƙare a bayan babur ba. Na jure sallah babu gaisuwa. Na jure bikin ƙanwata da na ji labarinsa a bakin maƙwabta. Ban taɓa kuka a gaban kowa ba.

Sharif na tsugune gaban babur a tsakar gida, rana ta kusa faɗuwa. Sabuwar fitilar LED da ya sayo a kasuwa ta ƙi kamawa.

"Masoyiya, ki bi motar," ya ce bai ɗago ba. "Babu fitila, jandarmomi ba za su bar mu mu wuce shinge ba. Ga manyan motoci a hanyar Pitowa."

"Mayar da tsohon ƙwan fitilar."

Ya ci gaba da taɓa fitilar.

"Sharif?"

"Mai gyara ya yanke soket ɗin. Ya ce wannan ba ta buƙatarsa."

Na cire mayafi na ɗaure ƙugu, na karɓi sukundireba daga hannunsa. Na danna hon, ya yi ƙara. Sigina ma na aiki, ke nan batir lafiya yake. Na zaro fiyus na ɗaga shi sama, bai ƙone ba. Na kunna makunni na kashe, na sake kunnawa. Babu komai.

Sai ga hon ɗin mota a ƙofar gida. Direban Baba ya iso. Wayata ta yi ƙara, mahaifiyata ce.

"Dada..."

"Yana ta tambaya ko kin taso," ta ce. "Kada ki daɗe, 'yata."

Sharif ya kama hannuna. "Ki saurare ni. In ya tafi kina nan kina tonon waya, duk ranar da kika kalle ni abin da za ki gani ke nan. Ba zan iya ɗauka ba."

"In kuma na tafi na bar ka a nan, na yarda da duk abin da suka ce a kanka."

"Ni ban damu ba."

"Ni na damu."

Na kwance kan fitilar, ruwa ya ɗigo mini a yatsa.

"Ina ka wanke shi yau?"

"Binuwai, kamar kullum."

"Ka tura shi cikin kogi har wuya, yadda kuke yi?"

Ya sunkuyar da kai.

Na warware baƙin tef ɗin da mai gyara ya naɗe wayoyin da shi. Wayar masse, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur, ta yi kore ta rube. Ina taɓa ta ta gutsure. Kusar da ke riƙe ta kuwa tsatsa ta cinye, ta ƙi juyawa.

"Gwaji ɗaya," na ce. "In ta ƙi, zan shiga motar."

Na yanko wayar tsohuwar rediyonmu, na haɗa, na kankare fenti a ƙarfen gefen kujera. Na ce bismillah, na danna bakin wayar a wurin.

Haske ya bugi bangon gidanmu.

Na ɗaure ta, amma da babur ya girgiza sai hasken ya ɗauke. Dole sai da hannu. Haka muka fita, direba na biye da mu, babban yatsana a kan waya. Siririya ce, tun kafin shinge ta fara zafi. Duk ramin da muka faɗa, duhu ya rufe mu, in ƙara dannawa. Sharif ya ce mu tsaya in huta, na ce ya yi gaba.

A ƙofar gidan Baba a Pitowa ya kashe babur ya tsaya can gefe, inda baƙi ke tsayawa.

Baba ya rame har na kusa kasa gane shi. Na durƙusa. Ya lalubo hannuna, yatsunsa suka tsaya a kan ƙunar da wayar ta yi wa yatsana.

"Wannan fa?"

"Fitilar babur na riƙe, Baba."

"Na aika mota."

"Mijina ne ya kawo ni."

Yaya Iliyasu ya kawar da kai. Baba ya daɗe yana numfashi da ƙyar, bai saki hannuna ba.

"Taurin kan nan nawa ne," ya ce a hankali. Sannan ya juya ido. "Iliyasu, surukina na waje. Shigo da shi."

A nan kukan ya ƙwace mini, a gaban kowa.