Fuskar da Ta Daina Motsi

Su uku ne a gidan: shi mai gyaran agogo, ita mai shagon kwalliya, sai 'yarsu tilo da suke kira Lele. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Dariya ce kawai ta ƙaurace musu.

Wata mai zuwa shagon ce ta gaya wa Maman Lele cewa tamoji, wato yamutsewar fatar fuska ta tsufa, rigakafinsa ake yi tun bai fito ba, kuma dariya da ɗaure fuska ne ke haƙa masa hanya. Daga ranar ta tsare fuskarta. Da safe man kare rana, da yamma wani man daban, sannan ta manna siririyar filasta tsakanin girarta. In abin dariya ya zo, sai ta dafe kumatu har ya wuce.

"Zumata," in ji mijin, "yau ma ba za a sam mini ko rabin murmushi ba?"

"Baban Lele, don kai nake yi fa... So nake ko na tsufa ka riƙa ganina kamar ranar farko."

"Ranar farko ai dariya kika yi mini har kika ƙware!"

"Ka bari mana."

Muryar tata ce, amma fuskar ko gezau, kamar hoton bango ne ke magana. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Wata rana da la'asar ta dawo ta tarar da gidan tsit, sai ƙas-ƙas ɗin agogunan da ya rataye a falo. Ta kira Lele, ba amsa.

A gaban madubinta ta same ta, zaune ƙiƙam. Filasta a goshi, filasta a kumatu, har gefen baki. Hannunta na kan cinya, tafin ya yi jawur ya tashi, dutsen guga kuma na gefe da sauran zafinsa. Hawaye na zuba, amma ko girarta ba ta motsa ba.

"Lele! Me ya same ki?"

"Na ƙone, Mama," ta ce a hankali, leɓenta da ƙyar yake buɗewa. "Amma duba... ban ɓata fuskata ba."

Ihun da uwar ta yi har shagon mijinta da ke ƙofar gida. Ya shigo a guje, ya tarar tana durƙushe tana ɓare filastar ɗaya bayan ɗaya, fuskarta duk ta yamutse da kuka. Ya kawo ruwan sanyi, ya tsoma hannun yarinyar, sannan ya sa yatsa ya cire filastar goshin matarsa.

"Ka yafe mini..."

"Barka da dawowa, zumata," ya ce.

Sai a lokacin Lele ta saki kuka mai ƙarfi, ta faɗa jikin uwarta. A ranar ta gane cewa duk watannin nan ba fushi Mama take yi da ita ba, tsoro take ji.