Huhu Ɗaya da Rabi

"Dakta, ana zargin an gyara hotunan nan."

Farfesa ne ya faɗa, bai ko ɗago ya kalle ni ba. Shi ne shugaban sashenmu, shekara huɗu ina aiki a ƙarƙashinsa, ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba. Mutum biyar ne zaune a teburin kwamitin bincike, hotunan aikina baje a gabansu, ni kuwa ina tsaye da farar rigar aiki, ko safar hannu ban gama cirewa ba aka kira ni.

Wata dattijuwar likita ta karanto takardar ƙarar. Wai mai kula da madubin ƙara girma, wanda ya ɗauki hotunan ya kuma auna su, yana neman aurena, don haka ya rage girman ƙarin ciwon daji da ke huhun ɓerayen gwaji domin aikina ya yi kyau.

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Gaskiya ne yana neman ki?"

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Ni ma ina son sa. Amma ciwon daji bai san da wannan maganar ba."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Ban jira sun yanke hukunci ba. Na ce akwai ragowar naman huhun a firji, su ciro shi da hannunsu, su cire takardun da ke jikin kwalaben, su sa lambobin da su kaɗai suka sani, su aika wa wata cibiya da ba ta san ni ba ta auna. Idan aka samu bambanci, ni da kaina zan ajiye aikin. Suka amince. Aka ba ni sati uku in zauna a gida, shi ma aka karɓe makullin ɗakin madubi daga hannunsa.



Aikin nan ba neman suna ya sa na shige shi ba. Ciwon dajin huhu ne ya kashe Abbanmu ina aji biyu a jami'a. Na ga yadda maganin da ake ɗura masa ta jijiya yake bi ko'ina a jikinsa, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, abinci ya ƙi zama, sai ɗan kaɗan ne yake isa inda ciwon yake. Shi ya sa na sa kaina neman hanyar naɗe maganin a cikin wasu 'yan ƙwayoyin kitse, ƙanana ƙwarai, waɗanda dubunsu za su jeru a kan faɗin silin gashi ɗaya, yadda majinyaci zai shaƙe su kamar tururi su sauka kai tsaye a huhu. Shekara uku ina faɗuwa ina tashi. A ta huɗu ƙarin ya fara motsewa a jikin ɓeraye.

Shi kuwa mai neman auren nawa, kowa Mai Madubi yake ce masa. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma haɗuwarmu ta farko faɗa na yi masa. Na aike shi da samfur hawa na uku, na biyo baya na same shi tsaye a tsakiyar matakala yana hutawa. Na ce masa samfurin ba ya jiran mai nawa.

Ya yi murmushi ya ce, "Ki yi haƙuri, Dakta. Huhu ɗaya da rabi gare ni, dole mu riƙa shawara da su."

Kunya ta kusa kashe ni.

Daga baya na ji labarin. Bai taɓa shan taba ba, amma ciwon ya kama shi yana ɗan shekara ashirin da bakwai. Allah ya sa an gano da wuri, aka yi masa tiyata aka cire wani sashe na huhunsa na dama. Shekara shida ke nan, duk wata shida yana zuwa a duba shi.

Abin da ya fi ba ni haushi a ƙarar shi ne, duk ginin babu mai taurin kai a kan aiki kamarsa. Sau uku ya taɓa dawo min da hoton da na fi so, wai yankan naman ya yi kauri, ba zai sa hannu ba. Na yi fushi kwana biyu ban gaishe shi ba. A rana ta uku na same shi ya ajiye min shayi a kan tebur da 'yar takarda, ya rubuta: a sake yankawa. A kan wannan taurin kan nasa na fara son sa.

Ba sai an faɗa min wa ya kai ƙara ba. Wata abokiyar aikina ce, tare muka fara aiki da ita, 'yan ɗakin gwaji suna kiran ta Gimbiya saboda ba ta taɓa wanke kwalbar da ta ɓata ba. Ta daɗe tana son a ba ta jagorancin mataki na gaba, ita ce kuma ta taɓa shigowa ta same mu muna dariya a ɗakin madubi, ta tsaya ta ƙare mana kallo. Abin da ban yi tsammani ba shi ne za ta bi ni har gida. Mahaifiyarta ƙawar Umma ce, layi ɗaya muka taso.

Ina shiga falo na ga Umma zaune a kujerar Abba, wadda ba ta taɓa zama a kai. Yayana yana tsaye a bakin taga ya harɗe hannu. Ashe Gimbiya ta zo gaisuwa da hantsi, wai ta zo yi min jaje, a cikin jajen ta saki maganar tiyatar.

"Auta, wata bakwai kina kawo min zancen yaron nan. Kin faɗa min aikinsa, kin faɗa min danginsa. Wannan ne kika manta?"

Ban manta ba. Tsoro na ji, ina ta jiran ranar da ta dace, ranar kuma ba ta zo ba. Na durƙusa na faɗa mata hakan, na ba ta haƙuri, na ce laifina ne ba nasa ba, don shi tun farko ya ce in sanar da ita.

Yaya ya fara faɗa, wai duk mazan duniya ban ga na aura ba sai majinyaci, wai karatu ya sa na raina mutane. Umma ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Wata goma sha tara na yi ina jinyar mahaifinku," ta ce a hankali. "Ni na san ƙarar tarin nan. Ni na wanke tawul ɗin da jini. Ba zan zauna ina kallo 'yata ta ɗauki abin da na sauke ba. Ban yarda ba."

Ta tashi ta shige ɗaki.

Ban yi gardama ba, don ba ƙarya ta faɗa ba.

Washegari da la'asar muka haɗu da Mai Madubi a benci a harabar wurin aikinmu, tunda an hana mu shiga ciki. Ya rame cikin kwana ɗaya. Ya ce ya yi tunani, shi ne sanadin komai: in ya ajiye aiki ya janye maganar aure, ƙarar za ta mutu, Umma ma ta samu kwanciyar hankali.

Na bar shi ya gama tsaf.

"Ka gama, masoyi?"

"Na gama..."

"To ka saurara. In ka ajiye aiki ka amsa laifin da ba ka yi ba, ka kuma shafa min shi. In ka janye ka nuna wa Umma gaskiyarta, wahala ta farko ka gudu. Ni ba a yi min haka. Ka zauna inda kake."

Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya yi 'yar dariya ya ce shi ya sa ɓeraye suke tsorona. Can ya ce ranar Talata ce ranar duba shi. Idan Umma za ta yarda, ta zo ta zauna a ɗakin likita, ta ga hoton ƙirjinsa da idonta, ta tambayi duk abin da take so. Zai ba likitan izini ya buɗe mata fayil ɗinsa gaba ɗaya.

Na kai wa Umma saƙon tana tsintar shinkafa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kwana biyar ba ta tada zancen ba, ni ma na kama bakina. Ranar Talata da safe ina ɗaura takalmi sai ga ta ta fito da mayafinta da jakarta.

"Mu je, kada mu makara."

Asibitin da Abba ya yi jinya ne. Baranda ɗaya, kujerun ƙarfe iri ɗaya, har warin maganin goge ƙasa bai canza ba. Na ji hannun Umma ya matse nawa. Shi kuwa yana hango mu ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice ba ta kalle shi ba.

Likitan ya kunna hoton a allo, ya nuna mata inda aka yanke, ya nuna mata hotunan shekara shida a jere, babu ko ɗigo. Umma ta yi tambayoyin da suka ba ni mamaki, duk sunayen magungunan Abba suna kanta. Daga ƙarshe ta tambayi wadda ta kawo ta.

"Likita, zai dawo?"

Likitan ya ce ba zai rantse mata ba. Wanda ya kai shekara shida lafiya bayan irin wannan tiyatar, yawanci ya tsallake, amma babu mai ba ta tabbas.

Sai ta juya, a karon farko ta dubi Mai Madubi ido cikin ido.

"In ya dawo fa?"

"In ya dawo, Umma, zan yi fama da shi kamar yadda na yi da farko. Kuma ranar da na sani, ranar za ta sani, ke ma ranar za ki sani. Ba zan iya yi miki alkawarin tsawon rai ba. Wannan kaɗai nake da shi."

Umma ta ɗauki jakarta ta yi wa likita godiya. Muka kama hanyar gida.

Sakamakon ya iso kwana biyu kafin cikar sati ukun. Farfesa ya kira mu duka ɗakin taro, har da Gimbiya, wadda ta sha kwalliya kamar mai zuwa karɓar kyauta. Ya karanta da kansa. Cibiyar da aka aika wa ta samu ƙarin ya motse, har ma awonsu ya ɗan fi namu nuna tasirin maganin. Ashe duk inda Mai Madubi ya yi shakka, lambar da ba ta yi min daɗi ba yake ɗauka.

Na juya na harare shi. Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Farfesa ya miƙa masa makullinsa a gaban kowa, ya ba mu haƙuri, ya ce mataki na gaba nawa ne. Ya ƙara da cewa daga yau wani ne zai riƙa sake auna duk hoton da ya fito daga hannun Mai Madubi a kan aikina, don a toshe bakin mutane. Na ce da ma haka ya kamata tun farko. Gimbiya ta tare ni a baranda tana cewa ita gyara take nufi. Na ce mata ƙarar da ta kai ofis haƙƙinta ne, ta ma taimake ni, amma ciwon mutum da ta ɗauka ta kai falon uwata, wannan tsakaninta da Allah. Kafin wata ya ƙare ta nemi canjin sashe.

Na koma gida da murna na ba Umma labari. Ta ce ita da ma ba ta taɓa zargin aikina ba, ba shi ne damuwarta ba. Ta ce in zauna.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. Wata biyar mahaifinku yana tarin jini yana ɓoye min. A aljihun rigarsa na tsinci hankicin. Da ya faɗa da wuri, wataƙila..."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Jinyar ba ta ci min rai kamar wata biyar ɗin nan ba, Auta. Yaron nan kuwa ban zama komai nasa ba, ya buɗe min takardunsa. Ki ce ya turo manyansa. Yayanki ki bar min shi."

Na faɗa jikinta ina kuka, tana ture ni tana cewa in tashi, ƙatuwar dakta da ni.

Na kira Mai Madubi a waya. Da na faɗa masa, sai numfashinsa kawai nake ji.

"Kana nan?"

"Ina nan, amaryata. Zama na yi a kan matakala."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yaya, da ya fi kowa faɗa, shi ya fi kowa kai da kawo ranar.

Maganina har yanzu bai kai ga mutane ba, akwai sauran gwaje-gwaje a gabanmu, kuma ban san inda za su ƙare ba. Amma duk wata shida, ranar duba mijina, mu uku muke zuwa asibiti. Umma ce take riƙe katin, ita take shiga gaba, in ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko ita wace ce, sai ta gyara mayafi ta ce, "Uwarsa ce."