Kan Giwan Ruwa

"Barakatu, wai har yanzu da tukunyar ƙasa kuke girki a gidan nan?"

Da wannan Basiru ya gaishe ni, bayan ya daɗe a Sakkwato yana aikin ofis. Ya dawo Yelwa da wando mai faɗin ƙafa da baƙin tabarau, ya kuma jawo wani abokinsa Maliki, mai zama a tabarmarmu a ɗofane kamar za ta cije shi.

Ni kuwa wawuya sai na yi dariya, don ina son shi. Tun yana tsinto mana itace a bakin ruwa da faso a ƙafa nake son shi, kuma duk unguwa an san ni zai aura.

"Da ita muka girki, Basiru. Da ita anka dahwa tuwon da ya girmad da kai."

"Ke dai ba ki rabo da tsiwa, 'yar lelena..." Ya juya ga abokinsa. "Ka ji Hausarsu ko?"

Hausarsu! Mutumin da cibiyarsa take binne bayan katangarmu.

Na bar su a zaure na shiga ciki. Inna tana gindin murhu tun safe. Da ta ji zai zo, kuma iyayensa na shirin turo magabata, da ƙafarta ta je bakin ruwa ta tare jirgin masunta ta zaɓo giwan ruwa mai rai. Ta niƙa tattasai a dutse, ta daka daddawar da ta haɗa da hannunta, ta tuƙa tuwon shinkafa har kafaɗarta na ƙara. Tukunyar da Basiru yake rainawa, a ka ta ɗauko ta daga tsohon gari lokacin da ruwan dam ya ci gidajenmu. Inna takan ce miyar can ta fi daɗi, wai har hayaƙin itacen daban yake. Ni ban san tsohon gari ba, a miyarta nake jin labarinsa.

A gidanmu kan kifi na mai gida ne, ba ya shiga kwanon kowa sai nasa. Tun da Baba ya rasu, Inna ba ta ƙara zuba wa wani namiji shi ba, gidan liman take aikawa sadaka. Ranar nan sai na ga ta tsamo kan da ludayi, a hankali, ta ɗora shi a akushin Baba.

"Inna... akushin Baba hwa?"

"Ɗauki ki kai, kada shi huce."

"Kin tabbata?"

"Ɗiyata na ba shi, mi a kan kihi?" Ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Na ɗauki akushin cike da murna. Na durƙusa gaban Basiru na ɗaga faifai, ƙamshin man shanu ya cika zauren.

Basiru ya gani, kuma ya gane. Kada wani ya ce mini ya manta. Sau nawa ya zauna a zauren nan yana haɗiyar yawu Baba na fasa kan kifi? Na ga maƙogwaronsa ya motsa, har ya fara miƙa hannu.

Sai Maliki ya kwashe da dariya. "Kai, abin nan kallona yake yi. Haka kuke cin kifi da idanunsa a garinku?"

Basiru ya dubi abokinsa, ya dube ni. Sannan ya sa yatsu biyu, kamar mai ɗaga tsumma, ya ɗauki kan ya jefa wa wata kyanwa da take raɓe a bakin ƙofa.

"Tsofaffin nan sai haƙuri," ya ce yana karkaɗe hannu. "Kada ki damu, masoyiyata. In mun koma Sakkwato risho zan saya miki, ki huta da wannan ƙauyancin."

Kyanwar nake kallo, ta ciji kan tana ja, ta bi ta ƙofar da take shiga cikin gida. Na tashi da gudu, amma ta riga ni.

Inna na zaune a kujerar tsuguno tana jiran in zo in ce mata ya ci. Ta gabanta kyanwar ta wuce, kan yana jan ƙasa. Ta bi shi da ido har bayan rumbu. Da ta yi faɗa ko ta yi kuka da na fi samun sauƙi.

"Wataƙila gishiri ya yi yawa," ta ce a hankali. "Tsuhwa ta zo, hannuna ba shi da daidai yanzu. Ki ba shi haƙuri, Barakatu."

Na koma zaure. Suna tsakurar tuwon da cokalin da Maliki ya fiddo daga aljihu. Na sunkuya na janye akushin daga gabansu.

"Ke, lafiya? Ba mu gama ba."

"Kun gama. Wanga akushi na maza na."

"Barakatu, a kan kifi za ki..."

"Ka hwaɗa ma iyayenka kada su wahal da kansu su turo kowa."

Ya cire tabarau. A ƙarƙashinsa idanun Basirun da na sani ne, kuma wallahi a lokacin ma ina son shi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na juya kafin ya ga hawayena.

Na zauna a ƙasa kusa da Inna, na sa hannu a akushin na yanko loma babba. Ina ci hawaye na zuba a ciki.

"Inna, gishirin daidai ya ke."