Ranar Shuka da Saƙon Yaya

A wani gari can, an yi wani manomi mai mutum-mutumin ƙarfe da ke ba shi shawara. In ya ce shuka, sai ya shuka. In ya ce jira, sai ya jira.

Ran nan ruwan shuka ya sauka, sai ga saƙo cewa yayarsa tana kwance a ƙauye mai nisa.

Mutum-mutumin ya ce, "Yi shuka yau, gobe ƙasa za ta bushe."

Manomi ya ɗauki iri, ya daɗe tsaye a ƙofa. Yayar nan ita ta goya shi. Sai ya ajiye irin, ya kama hanya.

Da ta gan shi ta ce, "Ƙanena, gonar fa?"

Ya ce, "Sha kununki, Yaya."

A shekarar geronsa bai yi auki ba, amma tare suka ci shi.