Jar Motar Bakin Ramin Kuza

Yaya Ilu ɗan wan babanmu ne, direban tirela. Duk sanda ya sauka a gidanmu na Rigasa, bayan sallar isha'i sai mu zagaye shi a tsakar gida. Ran nan babu wuta. Ya daɗe yana juya kofin shayi bai kurɓa ba, sannan ya ce wa ƙanwata Mariya ta rage fitila. Ga abin da ya faɗa mana, yadda na riƙe shi.

*

Ku matso. Ba zan ɗaga murya ba.

Ina da wani amini a Panteka, wajen masu gyaran motoci, sunansa Nalado. Bakanike ne, amma ba kowace mota yake taɓawa ba. Shi tsofaffin motocin Japan yake so, masu ƙofa biyu, masu gudu, irin na shekarun saba'in. Datsun mai dogon hanci ita ce masoyiyarsa. Sai ya sayo wadda kaji suka mai da ita akurki, ya shekara yana fama da ita, ta fito kamar jiya aka sauke ta daga jirgi.

Nalado bai yarda da kowa ba. Yakan ce duk mai sayar da tsohuwar mota akwai abin da yake ɓoyewa. Saboda haka yana da ƙa'idojinsa. Ba ya duba mota sai da rana. Yana yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya riƙa bin jikin mota da shi. Inda ya ƙi kamawa, to ramin tsatsa ne aka cike aka shafe da fenti. Yana gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke takarda. Kafin a tayar sai ya ɗora hannu a kan inji. In ya ji ɗumi, ya san an riga an tashe ta kafin ya iso, don kada ya ji tarin da take yi da sanyi. Sannan komai kyan fenti sai ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, domin daga can tsatsa take fara cin mota.

Wata Talata da hantsi, wani dattijo ya zo garejinsa. Dogo ne, siriri, da farar riga har tana jan ƙasa. Bai shigo rumfa ba. A bayan wata mota ya tsaya ya yi sallama. Ya ce yana da wata jar mota mai ƙofa biyu a wajen Bukuru, kusa da Jos, bakin wani tsohon ramin kuza, ba a taɓa yi mata fenti ba tun da ta zo ƙasar nan. Ya kwatanta hanya. Bai ba da lambar waya ba, bai faɗi suna ba.

Abu ɗaya Nalado ya lura da shi. Leɓen dattijon yakan gama motsi, sannan maganar ta iso. Kaɗan ne, kamar mai magana daga ƙetaren kogi. Ya ce a ransa tsufa ne.

Ya fi zargin motar sata ce. Ya kuma yi zargin ko 'yan damfara ne suka turo tsohon. Amma ja, fentin asali, ba a taɓa ba. Ya kasa barin maganar.

Akwai Gambo mai walda, tare suke rumfa, tare suke zuwa duba mota kullum. Wannan karon Nalado ya ɓoye masa. Yana ganin in Gambo ya ji, kafin Juma'a labari ya kai kunnen dillalai an riga shi. Matarsa Ladidi kuwa, ce mata ya yi Jos za shi neman kayan gyara. Ya ɗauki jakar sifanoninsa ya shiga motar asuba.

A Bukuru ya hau acaɓa. Da suka bar kwalta suka yi nisa cikin duwatsu, sai mai babur ɗin ya tsaya a wata mararraba, ya ce nan ne iyakarsa. Nalado ya ce ai hanya ta ci gaba. Mutumin ya ce ya sani. Ya tambaye shi wa zai gani a can. Da ya ji an ce wani dattijo mai mota, sai ya dube shi, ya dubi rana, ya juya babur ɗinsa bai ƙara cewa komai ba.

Nalado ya ɗauka bakinsa ɗaya da dattijon. Ya ciro babbar sifana ya soke a ƙugu, ya ci gaba a ƙasa.

Rana ta take tsaka lokacin da ya isa. Ramin ya cika da ruwa, kore shar, ba ya motsi. Babu gida. Babu rumfa. Babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Motar tana nan a bakin ruwan, hancinta yana kallon ramin. Dattijon yana tsaye a ɗaya gefen, rufin motar ya raba su.

Nalado ya ce mini bai taɓa ganin irinta ba. Ja kamar gauta. Ko ƙura babu.

Ya yi sallama. Amsa ta zo a makare.

Ya fara aiki yadda ya saba. Ya bi ƙofa da maganaɗisu, ya kama. Ya bi kumatun taya, ya kama. Ko'ina ƙarfe ne zalla. Ya nemi takardu, dattijon ya nuna masa kan kujera da haɓa. Takardu sun yi ja don tsufa, amma lamba ta yi daidai. Ya leƙa mita ya riƙe adadin tafiyarta a kai.

Ya buɗe bonet ya ɗora hannu. Inji da zafi.

Ya yi murmushi a ransa, ya ce na kama ka. A fili ya ce, "Baba, an tashe ta yau."

"Ba a kashe ta da daɗewa ba," in ji dattijon.

Sai Nalado ya dubi ƙasa. Ciyawa ta tsiro ta ratsa ta cikin ƙarfen tayoyin, ta yi tsawo har gwiwa. Ba sawun taya a gaba, babu a baya. Motar da aka tuƙa yau ba ta yin haka. Ya sake leƙa mita. Adadin ya ƙaru da bakwai.

A nan ya kamata ya tafi. Shi ma ya faɗa. Amma ya riga ya zo, kuma saura abu ɗaya. Ya shimfiɗa buhu, ya ja jakarsa, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi.

Ƙarfe lafiya lau. Ba tsatsa ko ƙwaya. Sai warin fetur, sabo. Ya bi da hannu har ya sami tiyon mai ya tsage, yana ɗiga.

Yana juya kai sai ya ga wani abu a cikin ciyawa, dab da kunnensa. Tocila ce, an latse ta ta zama kamar faifai. Gaba kaɗan akwai hula. Gaba da ita sifana mai lamba goma sha biyu, ba tasa ba, ta lanƙwashe.

Sai ya kalli waje, wajen da dattijon yake tsaye.

Daga ƙasa ana ganin abin da riga ta rufe. Ƙafafun ba takalmi. Dogaye ne, farare fat. Dunduniya tana gaba, yatsu suna baya. Kuma ciyawar da ke ƙarƙashinsu a miƙe take, ba ta kwanta ba.

Ya juya ɗaya gefen don ya silale ya fita. A can ma akwai ƙafafu. Manya da ƙanana, a jere, tun daga tayar gaba har ta baya.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya ƙi juyawa. Sai a zuci ya kama ayatul kursiyyu, yana kaiwa tsakiya tana ɓace masa, yana sake farawa.

Ya ji an buɗe ƙofa. An rufe. Motar ta sauko kaɗan.

An sake buɗewa. An rufe. Ta ƙara saukowa.

Ku tuna, kujera biyu gare ta. Nalado ya ji ƙofa sau shida. A na shida, ƙarfen ya taɓa maɓallin rigarsa. In ya ja numfashi sosai, ƙirjinsa yana dannuwa. Zafin bututun hayaƙi yana gasa masa kunci.

Sai murya ta zo. Ƙafafun dattijon suna waje, amma muryar daga cikin motar ta fito, saitin fuskarsa.

"Me ka gani?"

Duk mai sayen tsohuwar mota ya san amsar wannan tambaya. Ka ɓata fuska, ka ce ƙasa ta ruɓe, ka ce sai an yanke an yi walda, don mai ita ya sauko. Nalado ya yi haka ya fi a ƙirga. Maganar har ta zo bakinsa da kanta. Sai idonsa ya koma kan tocilar nan.

Harshensa ya saku. Ya ce, "Ba tsatsa, Baba. Ban taɓa ganin ƙarfe mai lafiyar wannan ba. Tiyon mai ne kawai ya tsage."

Muryar ta sake fitowa. 

"Waɗanda suka riga ka sun ce ta ruɓe."

"Ba ta ruɓe ba."

"To gyara."

Aka buɗe ƙofa sau ɗaya, motar ta ɗaga kamar faɗin yatsa uku. Iyakar abin da aka ba shi ke nan.

Allah ya sa yana da guntun tiyo a jaka, don ba ya tafiya babu shi. Ya laluba ya ciro. Fetur yana zuba masa a wuya. Sukudireba ta suɓuce masa sau biyu. A karo na biyu ta gangara waje, can wajen ƙafafun. Bai miƙa hannu ba. Yana kallo wata 'yar ƙaramar ƙafa ta turo masa ita da dunduniya.

Ya cire tsohon, ya sa sabon, ya ɗaure bakinsa biyu. Ya shafa da yatsa. Ba ɗiga.

Ya ce, "An gama."

Ƙofa ta yi ta buɗewa tana rufewa, motar tana tashi. Ya runtse ido ya ja jiki da baya har ya ji rana a fuskarsa. Da ya miƙe bai kalli gilashi ba. Bai kalli ƙasa ba. Rufin motar kawai ya zuba wa ido.

Dattijon yana inda yake. Ya ce motar ba ta sayarwa ba ce, dama hannun mai gyara suke nema. Ya ɗora wani ɗan gwangwani a kan rufin, ya turo shi. Nalado bai so ɗauka ba, amma ya fi tsoron ƙi.

"Idan lokacin juyen mai ya yi," in ji dattijon, "zan aiko."

Nalado ya kama hanya. Bai yi gudu ba. Ya yi kamar taku hamsin sai ya ji an tayar a bayansa. Bugu ɗaya ta kama. Ya rantse mini bai taɓa jin inji mai daɗin sauti haka ba, duk shekarunsa a gareji. Ya ji an sa giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Sautin yana nisa, yana yin ƙasa. Gaban motar nan kuwa babu komai sai ruwa.

Bayan la'asar wata motar itace ta tsince shi a bakin kwalta, yana zaune, ya rungume jaka.

Ya kwana tara yana zazzaɓi. Da ya tashi ya kira Gambo ya gaya masa komai, ya nemi gafararsa. Tare suka buɗe gwangwanin. Giris ne baƙi, mai sanyi kamar ƙanƙara, yana warin ruwan da ya daɗe a kwance. Gambo ya lakata da tsinke ya shafa wa wani ƙusa da tsatsa ta cinye. Washegari ƙusan yana ƙyalli kamar sabo.

Gambo ya ce wannan arziki ne. Da shi kowace ruɓaɓɓiyar mota za ta tashi. Ladidi ta ce in gwangwanin ya kwana a gidanta, ita ba za ta kwana ba. Suka kai wa wani malami a Tudun Wada. Ya saurare su har ƙarshe, ya ƙi taɓawa, ya ce wa Nalado abin da aka ba ka, in ka yi aiki da shi, ka karɓi aikin ke nan. Ranar Nalado ya tsaya a kan gada ya jefa shi cikin kogin Kaduna.

Cikin wata guda ya bar wa Gambo rumfar. Motar da yake kan haɗawa ma, rabi da rabi ya bar ta. Ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Bara, farkon damina, wani ya zo Panteka da tsakar rana. Ya tsaya a bayan wata mota ya yi sallama. Ya ce ina mai gyaran nan, lokaci ya yi. Gambo yana durƙushe yana walda. Bai ɗaga kai ba, bai cire gilashin ido ba, ya ce bai san inda yake ba. Mutumin ya ce ba komai, za a tambaya a gaba.

*

 Mariya ta matsa jikin Inna, ta tambaya a hankali, yanzu Nalado yana wane gari.

Yaya Ilu ya dubi ƙofar zaure. Ya dubi kan katanga.

"Ba zan faɗa ba," ya ce. "Ban san iyakar masu sauraro ba."

Ya kurɓi shayin da ya riga ya huce. Ya ce har yau yakan bi ta Bukuru da kaya, ya san mararrabar, kuma ko tayarsa ce ta fashe ba zai tsaya a wurin ba.

"Ku kuma, in Allah ya kai ku can, kuka ga 'yar hanya ta ratse cikin duwatsu wajen tsofaffin ramuka, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. Ko da rana ne. Musamman ma da rana."